Ƙafar Tela da Muryar Ogan

Wasiƙar wannan makon daga Zariya ta zo, na ɗan taƙaita ta:

"Assalamu alaikum Kawu. Ni tela ne, shekarata 27. Da rana ina kan keke, da daddare ina kan piyano. Ba wanda ya koya mini. Wani tsohon Yamaha na saya shekara bakwai da suka wuce, na yi ta laluben maɓallai da kunne, har Allah ya sa yanzu ana kirana biki, wani lokacin situdiyo. Bara na ci karo da wani tsohon bidiyon ƙungiyar Deep Purple a waya, na ji yadda mai ogan ɗinsu (wani abin kiɗa mai maɓallai irin na piyano) yake sa abin yana gurnani kamar zaki. Tun daga ranar sautin piyanona ya fita daga raina. Yanzu wani mai kawo kayan gwanjo daga Legas ya ce akwai tsohon ogan Hammond da ya zo daga Amurka, har ya turo mini hoto. In na sayar da piyanona na haɗa da kuɗin lefen da na tara, zai isa. An sa bikina bayan Babbar Sallah, ban gaya wa yarinyar ba, ban gaya wa kowa a gida ba. Ga kuma wani abu da ke ci mini rai: wani da ya yi makarantar kiɗa ya ce wanda bai iya karanta rubutun kiɗa ba ba makaɗi ba ne, ɗan kwaikwayo ne. Mawaƙan da nake yi wa kiɗa kuma, da na gwada musu sautin ogan, sai suka ce kiɗan coci na kawo musu. Kawu, in saya, ko in haƙura, ko in bar abin gaba ɗaya?"

Wa alaikumus salam, ɗana.

Kada ka saya. Na sa wannan a gaba ne don kada ka karanta rabin amsata ka ɗauka na ba ka izini. Amma kada ka bar abin. Son da ya kama ka na gaske ne, na san shi, kuma ban ga abin kunya a cikinsa ba. Duk wanda ya taɓa jin wannan murya ta cika ɗaki har ƙirjinsa yana rawa, ba zai ce da kai shirme kake yi ba.

Bari in faɗa maka abin da ke cikin akwatin da aka turo maka hotonsa, don gani ya kori ji, ni kuma na gani. Ina saurayi a Kaduna akwai wani dattijo mai gyaran rediyo da amfilifaya a unguwarmu, wata ƙungiyar kiɗa ta kawo masa irin wannan ogan ya duba. Ƙarti huɗu ne suka sauke shi daga mota suna nishi. Da ya cire marfin baya, sai wani wari ya bugo mu, warin tsohon mai da ƙura da katako, kusan irin wanda kake ji in ka buɗe ƙarƙashin kan kekenka. A ciki akwai wata doguwar tasar ƙarfe, wayoyi sun fito daga jikinta kamar gashin masara. Ya nuna mana 'yan faya-fayen ƙarfe masu baki kamar na zarto, kowanne bai cika tafin hannun yaro ba. Guda 91 ne masu ba da sauti, kowanne yana juyawa a gaban ɗan maganaɗisu da aka naɗe da waya, yawan haƙoransa da saurin juyawarsa su ne ke yanke wane sauti zai fita. Kunna shi ma sai da ilimi: makunni biyu ne, ka danne na farko ka riƙe har ka ji injin ya ɗauki gudu, sannan ka buga na biyu, ka ƙara jira kaɗan, ka saki na farkon. Ana cikin gwaji aka ɗauke wuta, aka tada janareta. A nan na ga abin da nake so ka ji da kyau. Dattijon ya danne maɓalli ɗaya ya riƙe, sautin ya dinga hawa da sauka shi kaɗai kamar kukan akuya, duk lokacin da janaretan ya yi nishi sai muryar ta bi shi.

Dalilin haka yana ga wanda ya ƙera abin. Laurens Hammond ba makaɗi ba ne, maƙerin agogon lantarki ne a birnin Shikago. Injin agogonsa yana tafiya ne daidai da bugun wutar da aka ba shi, shi ya sa ba ya ƙara lokaci ba ya ragewa. Wannan injin ya ɗauka ya sa shi juya faya-fayen, ya fito da ogan ɗin farko kasuwa a 1935. To wutar Amurka tana bugawa sau 60 a daƙiƙa, tamu sau 50. Ka jona ogan ɗin Amurka a Zariya, injin zai rage gudu da kashi ɗaya cikin shida, duk abin da ka danna zai sauka ƙasa da maɓalli uku har da ɗoriya. Taransifoma ba za ta cece ka ba, ƙarfin wuta kaɗai take saukarwa daga 230 zuwa abin da kayan Amurka ke ci, ba ruwanta da yawan bugu. Sai ka nemi wata na'ura daban mai daidaita bugun, kuɗinta daban. Sannan ga nauyi: samfurin B-3, wanda ya fi kowanne suna, in an haɗa da bencinsa da matakan ƙafarsa ya ɗan haura kilo 190, kuma ba shi da lasifika a jikinsa, in babu akwatin magana na daban kurma ne. Kamfanin ya daina ƙera masu faya-faye tun 1975, kenan mafi ƙuruciya a cikinsu ya kai shekara hamsin. Yana shan mai nasa na musamman duk shekara, kuma in wani abu ya ƙone a ciki, sai ka sha yawo kafin ka sami mai gyaran da ya taɓa buɗe irinsa. Da wace mota za ka kai shi wurin biki? Ta wace ƙofa zai shiga ɗakin da za ka sa amarya? Hoto kawai ka gani, ba ka ji kukansa ba, ba ka ma san ko wane samfuri ba ne, don Hammond ya ƙera kala-kala, wasu na baya-bayan ma babu faifai ko ɗaya a cikinsu. Wannan shi ne cinikin biri a sama. Kuma abin da za ka bayar, piyanon da ke kawo maka kuɗin cefane ne da kuɗin da ka riga ka yi wa 'yar mutane alkawarinsu.

Yanzu mu zo ga abin da ya fi daɗin faɗa. Gurnanin da ka ji a wayarka, mai shi Jon Lord ne, ɗan Ingila, ya rasu a 2012. Ogan ɗinsa samfurin C-3 ne, cikinsa ɗaya da B-3, katakon jiki ne ya bambanta. Abin da ya yi a farkon shekarun 1970 shi ne ya jona shi kai tsaye cikin amfilifayar Marshall irin ta masu jita, ya ƙure ta har sautin ya fashe, don yana so ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da jitar Ritchie Blackmore, mai jitar ƙungiyarsu. Kenan ko ka sayi akwatin Legas, ka kunna shi lafiya lau, ba zakin za ka ji ba, wata murya mai laushi za ka ji. Rabin abin da kake nema dabara ce, sauran rabin kuma hannu ne.

Ka duba yadda ogan ya saɓa wa piyano. In ka buga piyano sautin yana fita ne ya mutu, kamar ka taɓa tsirkiyar gurmi. Ogan kuwa algaita ce: muddin yatsanka na kan maɓalli, muryar na nan ba ta raguwa, kamar yadda mai algaita ke cika kumatu ya yi ta busa ba yankewa. Kuma ba ruwansa da ƙarfin bugunka, ka danna a hankali ko ka maka, ƙara ɗaya zai ba ka. To ta ina rai ke shiga? Ta ƙafa. Akwai wata feda a ƙasa, ka taka gaba murya ta tashi, ka koma baya ta kwanta. Da na karanta cewa kai tela ne sai na yi murmushi, don shekara da shekaru ƙafarka ta dama tana koyon wannan aiki ba ka sani ba. Yadda kake sassauta keke in ka zo kwanar wuyan riga, ka sake shi in ka hau dogon layi, haka ake tafiyar da ogan a bayan mawaƙi. Da yawa masu piyano sai sun sha wuya kafin ƙafarsu ta ji wannan magana. Kai ka zo da ita daga shago.

Saboda haka abin da za ka fara saya ba ogan ba ne, feda ce irin ta ƙara murya da ragewa. In piyanonka yana da ramin da ake jona ta, shi ke nan. In babu, akwai wadda ake sakawa tsakanin piyano da lasifika. Kuɗinta ba zai taɓa akwati ɗaya cikin lefenka ba. Waccan fedar da ka saba takawa don jan sauti kuwa, ka cire ta ka ajiye, a ogan yatsu ne ke riƙe sauti, ɗaya ba ya tashi sai ɗan'uwansa ya sauka. Ka kashe kiɗan da injin ke yi maka da kansa, ka zauna kai da maɓallai. Ka shiga cikin jerin muryoyin piyanon, kusan ba Yamaha ɗin da ba shi da muryar ogan iri biyu ko uku, har da ta rok. Manyan samfuran Yamaha da ake kira PSR ma suna da wurin da za ka haɗa muryar da kanka, an kwaikwayo shi daga 'yan sandunan ja guda tara da ke saman Hammond. Kowace sanda tana da mataki daga 0 zuwa 8, kowacce na ƙara wani launi a cikin muryar, na hagu masu kauri, na dama masu kaifi. Masu abin suna rubuta haɗinsu da lambobi kamar lambar waya. Ka fara da 888000000, wato ukun farko a jawo su gaba ɗaya, sauran shida a bar su a ciki. Wannan ita ce muryar da Jimmy Smith, gwanin ogan a kiɗan jaz na Amurka, ya yi suna da ita, kuma masu rok da yawa daga nan suka tashi. In waƙa ta kai ƙololuwa ka jawo duka tara ka ji yadda ɗaki ke cika.

Akwai kuma wannan rawar da kake ji sautin na yi, kamar yana zagaya kanka. Ba daga ogan take fitowa ba, daga wani akwatin lasifika ne da Donald Leslie ya fara sayarwa a farkon shekarun 1940: ƙaho a sama yana juyawa, ganga a ƙasa tana juyawa, suna watsa sautin ko'ina. Gudu biyu gare shi, na sannu da na sauri, amma daɗin yana tsakani ne, lokacin da yake ɗaukar gudu ko yake saukewa, domin ƙahon ba shi da nauyi, nan da nan ya kai, gangar kuwa sai ta biyo shi a hankali. Hammond da kansa ya tsani wannan akwati, bai so dillalansa su sayar da shi ba, kamar yadda ya ɗauki ɗan ƙaras ɗin da maɓallin ke yi in an danna shi a matsayin aibi, ya yi ta neman yadda zai kashe shi. Makaɗa suka ce abin da suke so kenan. A naka piyanon ka nemo wannan juyi a cikin kayan ado na sauti, ka koyi sauya gudun a ƙarshen baiti, ba ka bar shi yana karkarwa tun daga farko har ƙarshe ba. In kana son fashewar nan ta Lord, ka ƙara ɗan tsatsa a sautin, amma ka rage yatsu: biyu sun isa, ɗaya a kan sautin tushe, ɗaya a kan sauti na biyar daga gare shi, don in ka danna huɗu ko biyar cikin sautin da ya fashe, kunu za ka dama. Ka ɗora gefen tafin hannunka ka shara daga ƙasa zuwa sama ka dire a kan maɓalli ɗaya ka riƙe shi. Ranar da wannan ta fita daidai za ka ji tsigar jikinka ta tashi.

Maganar ɗan makarantar kiɗa ta ɓata mini rai, ba zan ɓoye maka ba. A watan Yunin 1965, a wani situdiyo a birnin Niyok, ana ɗaukar waƙar mawaƙin Amurka Bob Dylan mai suna Like a Rolling Stone. Akwai wani saurayi ɗan shekara 21, Al Kooper, mai jita ne, kallo aka gayyace shi. Da aka mayar da mai ogan kan piyano sai ya lallaɓa ya zauna a gurbinsa. Shi da bakinsa ya ce Allah ne ya taimake shi aka bar abin a kunne, don bai san yadda ake tada shi ba. Bai san waƙar ba, sai ya dinga jira ya ji abin da sauran suka danna sannan ya bi, shi ya sa in ka saurara za ka ji ogan ɗin yana shigowa a makare da ƙiris. Da aka zo saurare, Dylan ya ce a ɗaga muryar ogan. Wannan 'yar makarar ta zama salon da wasu suka dinga kwaikwayo da gangan. Alan Price, mai ogan ɗin ƙungiyar Animals da ta girgiza duniya a 1964, shi ya koya wa kansa. A gida ma, wa ya tambayi Ɗan Maraya Jos takardar makaranta kafin ya saurari kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya? Kunnen da ya kai ka daga lalube har situdiyo cikin shekara bakwai, ba kwaikwayo ba ne, baiwa ce da wahala ta goge.

Sai dai ba zan yi maka daɗin baki ba. Shi Jon Lord ɗin da ya sace maka zuciya, tun yana ɗan shekara biyar aka zaunar da shi gaban malamin piyano, kuma gudun da yatsunsa ke yi a tsakiyar waƙa daga tsohon kiɗan Turai ya ɗebo shi. Jimmy Smith ya koya wa kansa ogan, gaskiya ne, ya kama hayar wani sito a Filadalfiya ya kulle kansa kusan shekara guda kafin ya fito, amma ya shiga siton ne da ilimin piyano a hannunsa. Don haka ka koyi sunayen abin da kake dannawa, ka san wane haɗi ne wannan, me ya sa yake kiran wancan. Ba don ka wanke kanka a gaban kowa ba, sai don ya gajarta maka hanya, abin da kake lalube wata guda ka same shi a dare ɗaya. Ka koma wurin mutumin nan ka ce masa, "Malam, na ji maganarka, ka koya mini." In mai ilimin gaske ne zai ji nauyi ya zaunar da kai. In ya ƙi, ka san ba gyara ya nufa ba, ka nemi wani.

Mawaƙanka kuma ba ƙarya suka yi ba ɗungurungum. Hammond ya tallata kayansa ne ga majami'u da gidaje a matsayin madadin babban ogan mai bututu, wanda tsadarsa ta fi ƙarfin ƙananan majami'u, kuma a majami'un baƙaƙen fatar Amurka aka fara sa shi kuka da ihu irin wanda daga baya ya shiga jaz da rok. Amma ina zargin abin da ka buga musu shi ya jawo maganar: ka shimfiɗa yatsu goma, ka riƙe, sautin yana kaɗawa a hankali. Duk wanda ya taɓa wucewa ta Sabon Gari ranar Lahadi abin da zai tuna kenan. Ka koma musu da layi ɗaya tak, siriri, mai bin bayan muryar mawaƙi kamar yadda goge ke yi, ka ba shi amsa in ya numfasa, ka yi shiru in ya ɗauka. Yawancin karin waƙoƙinmu a kan sautuka biyar suke tafiya, kuma a kan sautuka biyar ɗin nan masu kiɗan bulus (na baƙaƙen fatar Amurka) da rok suka gina mafi yawan abin da suke yi, don haka tazarar ba ta kai yadda ake zato ba. Ka nemi kiɗan Mamman Sani na Yamai ka saurara. Wani ogan ɗan Italiya mai suna Orla ya samu, ba Hammond ba, ya zauna yana fitar da karin gargajiyar Nijar a kansa, ya ɗauki kaset a gidan rediyon ƙasar a 1978. Shekaru masu yawa ana sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye a rediyo da talbijin na Nijar, har ya zama kamar muryar gida, sannan a 2013 aka sake fitar da shi, mutanen Turai da Amurka suka yi ta nema. Wanda ya ji shi hamada yake tunawa, ba wani wuri ba.

In hannunka ya nuna, ka ga har yanzu kana son sandunan ja na gaske a ƙarƙashin yatsunka, akwai na zamani da za ka rataya a kafaɗa ka hau babur da su. Yamaha na da ɗan ƙarami mai suna Reface YC, Roland na da VR-09, akwai su Nord, kuma sunan Hammond ɗin kansa yana hannun kamfanin Suzuki na Japan, suna ƙera marasa nauyi. Ba ruwansu da bugun wuta ko mai. Akwai ma manhajojin kwamfuta da ke kwaikwayon B-3, wasu kyauta, ka jona piyanonka ka buga. Wannan sai ka buɗe masa asusu daban, kuɗin kiɗa ya sayi kayan kiɗa, ɗinkin Sallah ya tsaya a kan biki.

Abin da ya fi tsaya mini a wasiƙarka shi ne inda ka ce ba ka gaya wa yarinyar ba. Ɗana, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wannan baiwar Allah za ta shigo ɗakin da ake kiɗa har tsakar dare, ya kamata ta san da wa za ta zauna tun yanzu. Ba sai ka tayar mata da hankali ba, tunda kuɗin na nan ba ka taɓa ba. In ka je zance wannan makon, ka tafi da wayarka da abin sawa a kunne, ka ba ta ɗaya ka riƙe ɗaya, ka kunna mata bidiyon nan. Ka ce mata, "Kin ji wannan? Shi nake so in iya, har na kusa yin wauta a kansa, na fasa." Ka bar ta ta faɗi abin da ke ranta, ko da cewa za ta yi hayaniya ce kawai take ji. Shi kuma mutumin Legas ka kira shi yau, ka gode masa, ka ce ya nemi wani mai saye.

Bayan biki da wata uku ka ɗauko mini minti biyu na abin da kake bugawa, da feda a ƙarƙashin ƙafarka, ka turo. Ina so in ji wata tsohuwar waƙar gaɗa da ka tashi kana ji a Zariya, a muryar 888000000. Allah ya sanya alheri, ka gaida mutanen gida.

Kawunka.